Mokles Lauya da Kaskon Kindirmo

Duk wanda ya taɓa shan shayi a rumfar Tofa, a bakin kasuwar unguwarmu a Bogura, ya san Mokles Lauya, ko yana so ko ba ya so. Ba lauya ba ne. Ko inda ƙofar makarantar lauyoyi take kallo bai sani ba. Da ƙuruciyarsa ne ya taɓa gadin ƙofar kotu na ɗan lokaci, kafin alƙali ya same shi yana minshari a kan bencin shaidu ya kore shi. Tun daga nan doka ta shiga bakinsa ta ƙi fita. Akuya ta ci maka shuka, Mokles ya san sashen da ya hana. Mai keken haya ya watsa maka taɓo, Mokles ya san shekarun da za a ɗaure shi. Mutane suka laƙaba masa Lauya don ba'a, gogan naka kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har da sayen tabarau.

Aikin yi kuwa babu. Matarsa Anjuara, uwar 'yarsu Moyna, ita ce ke riƙe da gidan, da shanu biyu da ta gada wurin mahaifinta: Lalmoni ja, wadda ta raina da hannunta tun tana maraƙa, da Shundori baƙa. Kullum da safe ta tatsa, ta kai madarar shagon Hajji Sobhan mai kindirmo, wanda shi kaɗai ke sayen madara mai yawa haka a yankin. Da kuɗin ake sayen shinkafa, da shi ake sayen dusar shanun, da shi ake biyan shayin da Mokles ke jiƙa maƙoshi don ya koya wa mutane doka. Ranar da Hajji ya daina saye, ɗaya daga cikin shanun nan za ta bar gidan. Kowa a unguwa ya san haka.

To, wata ranar kasuwa sai ga ma'aikatan ofishin kare haƙƙin masu saye sun sauka a shagon wani mai man girki. Ashe wani malamin makaranta ne ya kai ƙara, wai an sayar masa fiye da farashin da ke jikin kwalba. Aka duba, aka tabbatar, aka ci mai shago tara nan take. Sannan, kamar yadda doka ta tanada, aka ware kashi ɗaya cikin huɗu na tarar aka damƙa wa malamin a gaban kowa. Mokles yana tsaye baki buɗe, har ganyen pan da yake tauna kamar goro ya faɗo a kan taguwarsa bai sani ba.

Da gudu-gudu ya isa rumfar shayi.

"Tofa! Ka ga abin da na gani? Rubu'in tara! Mutum ko zama bai yi ba, aka cika masa hannu!"

"Na gani, Yaya Mokles. Ɗaga ƙafarka, shara nake."

"Ai wannan dokar ni na san ta tun tana rarrafe. Lokacin da nake kotu…"

"Lokacin da kake ƙofar kotu."

"Ƙofar a jikin masallaci take? Ba a jikin kotun take ba?" Ya buga benci. "Ku saurara, jahilai. Garin nan cike yake da macuta, kowane shago rijiyar kuɗi ce, ku kuma kuna zaune a bakinta da ƙishirwa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ruwa ya sauka na sayi babur, na kama ofis a saman bene, na rataya allo da sunana. Kai kanka Tofa ka gyara kofunanka, na lura sun fara ƙanƙancewa."

"Da wa za ka fara, ranka ya daɗe?"

Mokles ya gyara tabarau, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Hajji Sobhan."

Gaskiya dai babu wanda bai san halin Hajji ba. Kindirmonsa ja-ja ne, mai zaƙi, mai kauri, in ka sa cokali sai ya tsaya da kansa. Amma kaskon ƙasar da yake zubawa a ciki, gindinsa ya fi tafin ƙafar mai keke kauri. Ka biya kuɗin kilo guda na kindirmo, ka koma gida da abin da bai kai ba, sauran duk yumɓu ne. Mutane sun daɗe suna gunaguni suna saye.

Tofa ya jingina tsintsiya. "Hajjin da ke sayen madarar gidanka?"

"Doka ba ta san madara ba."

"Cikinka fa, ya san ta?"

Mokles ya je gida ya ɗebi kuɗi a gwangwanin Anjuara, ya sa farar taguwar Idi, ya nufi shagon Hajji, 'yan rumfar shayi suna biye da shi a baya don kada a ba su labari.

"Kindirmo kilo guda," ya ce da ƙarfi. "Da rasit!"

Hajji Sobhan, mutum ne mai teɓa da jan gemun lalle, ya ɗago daga bayan kanta. "Rasit kuma? Mokles, yaushe muka fara rubuce-rubuce tsakaninmu? Ungo, kai wa uwar Moyna, kyauta. Madararta ce ma a ciki."

"Ba na karɓar kyauta."

Wallahi sai da wani tsoho ya yi salati. Tun da aka haifi Mokles ba a taɓa jin ya ƙi abincin banza ba. Hajji ya tsura masa ido, ya karɓi kuɗi, ya rubuta rasit, ya miƙo kasko rufe da takarda an ɗaure da zare. Mai hankali da sai ya juya ya tafi abinsa. Amma bakin Mokles bai taɓa riƙe magana ta kwana ba. Ya ɗaga kaskon sama da hannu ɗaya, ya jijjiga shi.

"Hannun nan nawa sikeli ne, Hajji. Rabin abin nan ƙasa ce. Ka shirya, mun haɗu a gaban hukuma!"

"Allah ya kai mu," in ji Hajji a hankali. "Ka gaida gida."

Daga nan bai zame ko'ina ba sai ofishin kare haƙƙin masu saye. Jami'ar da ya samu mace ce, 'yar siririya, mai magana a taƙaice. Ta saurare shi, ta duba rasit, ta nuna masa tebur a gefe.

"Madalla, Malam. Ga sikeli nan. Kawo kaskon mu juye mu auna yanzu. In ya gaza, yau ɗin nan za mu je shagon."

Mokles ya waiga hagu ya waiga dama. Ɗaki ne babu kowa sai fanka da wani magatakarda yana hamma. Ya ƙanƙame kaskonsa.

"A nan? A ɓoye? Ranki ya daɗe, shari'a irin wannan ba a yin ta a ɗaka. A ƙofar shagonsa za a auna, ranar kasuwa, a bainar jama'a, don ya zama darasi."

"Kindirmo ne fa, Malam, ba dutse ba."

"Ni za a koya wa riƙon shaida? Ni da na tsare ƙofar da ake shigo da wuƙaƙen kisan kai?"

Ta dube shi ta saman gilashinta, ta ɗaga kafaɗa. "Kai ka sani. Ranar kasuwa mai zuwa dama za mu zagaya unguwarku. Ka ajiye shi yadda yake. Kada a buɗe, kada a taɓa. Kuma ka sani, ƙarar da ta zama ta ƙarya tana da nata hukuncin."

Mokles ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fita yana ce wa magatakarda yaran zamani ba su san manya ba.

Washegari da hantsi Anjuara ta dawo daga shago da garewaninta cike, yadda ta tafi da su. Ta sauke su a tsakar gida, ta tsaya tana haki.

"Baban Moyna, me ka yi?"

"Na tsaya wa talakawan garin nan."

"Hajji ya ce in kai wa hukuma madarata ta saya. A gaban mutane ya faɗa! Ina zan kai madarar shanu biyu? Da me zan sayi dusa? Don girman Allah ka sa takalminka ka je ka ba shi haƙuri, ka janye ƙarar nan. In sati ya zagayo haka, sai na sayar da Lalmoni."

"Uwar Moyna, ke dai ba ki san doka ba. Rubu'in tarar Hajji kaɗai zai saya miki saniya ta uku. Har ƙararrawa zan rataya mata."

"Rataya wa kanka, mu riƙa jin inda kake."

Ta zagaya maƙwabta, wannan ya sayi kofi, wancan ya sayi rabin kofi, madara tana nan jingim. Da ta ga za ta lalace, sai ta hura wuta ta dafe ta, ta kafa kindirmo a duk wani mazubi da ke gidan, tana sayarwa kaɗan-kaɗan a bakin ƙofa. Nata fari ne fat, mai nauyi, ba sukari. Gidan ya cika da kwanuka har babu wurin sa ƙafa.

Shi kuwa Lauya ya kwashe kayan kabad ɗin abinci mai raga, ya sa kaskonsa a ciki shi kaɗai, ya tsoma ƙafafun kabad a ruwa saboda tururuwa, ya danna kwaɗo, ya ɗaure makulli a ƙugun lunginsa, zanen nan da mazan garinmu ke ɗaurawa. Maƙwabta suka riƙa zuwa leƙe ta raga. Tofa ma ya zo, ya tambaya ko ana ba fursunan abinci. Mokles ya zauna kan kujera a gefe yana ba da darasi: yadda ake riƙe shaida, yadda ake kallon alƙali, yadda Hajji zai durƙusa ya kama ƙafarsa.

Da azahar ta yi, rana ta take, kowa ya watse. Anjuara ta tafi yankan ciyawa a bakin kogi. Gida ya rage daga Mokles sai kabad. Ƙanshi kuwa yana fitowa ta raga, ƙanshin madarar da aka daɗe ana dafawa da sukari har ta yi ja. Ya juya baya. Ya juyo. Ya tashi ya sha ruwa, ya dawo ya zauna.

"Ai wajibi ne ma a duba," ya ce wa kansa. "In ya lalace fa ban sani ba? Mai riƙon shaida dole ya san lafiyar shaidarsa."

Ya buɗe kwaɗo, ya kwance zare a hankali, ya ɗaga gefen takarda. Yatsa ɗaya kawai, can a gefe. Ya lasa, ya lumshe ido. Kai! Hajji macuci ne, amma hannunsa Allah ya yi masa baiwa. Yatsan ya bar rami, rami kuwa dole a baje shi, bajewa kuma sai da cokali. Ya ɗauko cokalin Anjuara na tagulla mai zanen kifi a mariƙi. Ya baje nan, can ya yi tudu. Ya rage can, nan ya yi tudu. Kafin ladan ya kira la'asar, shaidar ta koma rabi.

Nan ya leƙa cikin kaskon. In jami'a ta ɗaga takarda ta ga wannan kwazazzabo, ai ko makaho ya san an ci. Ya dudduba, idonsa ya faɗa kan kwanukan Anjuara. Ya yi murmushi, ya jinjina wa basirarsa. Ya kwaso farin kindirmo ya cike ramin, ya danna, ya ƙara. Sai kuma wata matsala: ina ne ma iyakarsa take? Ya manta ƙurunƙus cewa Hajji ba ya cika kasko, yakan bar faɗin yatsu biyu a sama. Tsoron kada a ce ya ci ya sa ya cika har baki, ya ƙara cokali biyu don kore shakka. Farin ya yi masa yawa a ido, sai ya narka mazarƙwaila ya shafe saman har ya yi ja. Ya rufe, ya ɗaure, ya kulle, ya kwanta yana gyatsa.

Da yamma Anjuara ta tsaya kan kwanukanta. "Wa ke kwasar min kindirmo?"

"Kyanwar gidan maƙwabta ce. Na gan ta da idona. Akwai sashe a kan mai dabbar da ta yi ɓarna, gobe zan je in karanta musu."

"Kyanwa da cokali? Ga sawunsa nan."

"Ba ki san kyanwoyin zamani ba."

Ta dube shi, ta dubi kabad mai kwaɗo, ba ta kawo komai a ranta ba, don ko ita ba ta zaci wautarsa ta kai nan ba. Damuwarta ma ta ishe ta: buhun dusa ya kusa ƙarewa, Lalmoni ta fara kukan yunwa da rana tsaka.

Washegari ya rantse ba zai taɓa ba. Azahar na yi ya taɓa. Yanzu kuma aikin ya ƙaru, don na Hajji yana can ƙasa, sai ya yi haƙa ta cikin na Anjuara kafin ya kai gare shi, wanda ya haƙo kuma ba zai zubar ba, ai almubazzaranci ne. Haka ya riƙa yi kullum: ya haƙa, ya ci, ya cike, ya shafe da mazarƙwaila, kowace rana tudun yana ƙara tashi har takarda ta yi tozo. Ana jajibirin kasuwa yana tsakiyar haƙa sai ya ji motsin Anjuara a ƙofa, ta dawo da wuri. Ya rasa inda zai sa cokalin, ya cusa shi cikin ramin, ya yaɓa kindirmo a kai, ya rufe. Ya ce zai ciro anjima. Anjima kuwa hankalinsa ya tafi wani wuri.

Inda ya tafi shi ne wajen tara jama'a. Ya ɗauki garwar madara guda ya sayar, wai ai ba ta da aiki yanzu, ya ɗauki hayar keke mai lasifika irin wanda ake sanarwar rasuwa da taron siyasa da shi. Ya hau da kansa, ya zagaye unguwa lungu-lungu: "Sanarwa! Sanarwa! Gobe a ƙofar shagon Hajji Sobhan, masanin doka Mokles Pramanik zai tona asirin zalunci! Maza da mata, kowa ya zo ya ga yadda ake ƙwato haƙƙi!" Wata tsohuwa da ba ta ji sosai ta fito tana tambayar yaushe za a yi jana'izar.

Ranar kasuwa, ƙofar shagon Hajji ba masaka tsinke. Masu kifi suka bar kifinsu, masu keke suka tsaya a kan kekunansu don su hango. Sai ga Mokles tafe, kasko a kansa, wani yana riƙe masa laima, yana ɗaga wa mutane hannu. Anjuara tana can baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Duk haushinsa da take ji, a ranta roƙo take Allah ya sa ya yi nasara, ko a samu kuɗin dusa.

Hajji kansa gumi yake. Tun ranar da Mokles ya yi masa shela ya kwashe kasaken masu kaurin gindi ya ɓoye, ya jera sirara a kanta. Amma guda ɗayan nan da ke kan Mokles ba shi da yadda zai yi da shi, kuma ya san abin da ke cikinsa bai kai ba.

Jami'a ta iso da mutanenta, aka kafa sikeli a kan tebur. Mokles ya sauke kasko, ya hau kan wani akwati, ya yi gyaran murya.

"Ya ku jama'ar Bogura! Tun zamanin kakanninmu…"

"Malam, sauko," in ji jami'a. "An buɗe kaskon nan?"

"Ko ƙuda bai sauka a kai ba, ranki ya daɗe. Makulli a ƙuguna yake kwana."

Ta yanke zare, ta ɗaga takarda. Tururuwa suka watse ta ko'ina. Ta tsaya tana kallon tudun, sannan ta sa hannu a hanci, ta ce a juye. Ma'aikacinta ya fara kwasowa yana zubawa a farantin sikeli. Saman ja, ƙarƙashinsa fari, ƙarƙashin wannan ja, sai kuma fari. Allurar sikeli ta tashi. Ta wuce rabi. Mokles ya ɗaga hannu, "Ku duba da kyau, nan za ta tsaya!" Ba ta tsaya ba. Ta kai kilo. Ta wuce kilo, ta ci gaba abinta.

"Sikelin nan an saye shi!" in ji Mokles.

Bai rufe baki ba sai aka ji ƙwal! Wani abu ya faɗo a faranti. Ma'aikacin ya tsamo shi da yatsu biyu, ya goge, ya ɗaga sama. Cokalin tagulla ne mai zanen kifi.

"Cokalina!" Muryar Anjuara ce daga baya. Ta ratso jama'a, ta karɓi cokalin, ta dangwali farin ta ɗanɗana, ta juyo ta dubi mijinta daga sama har ƙasa. "Ashe kyanwar lungi take ɗaurawa."

Tirƙashi! Dariyar da ta tashi har tattabarun kan rufin kasuwa sai da suka watse. Wani mai keke ya faɗo daga kan kekensa. Tofa ya zauna a ƙasa yana dukan cinya, yana cewa, "Lauya ya cinye shari'ar! Wallahi ya cinye ta!"

Hajji Sobhan kuwa, da ya ga yadda abin ya juya, sai jini ya dawo fuskarsa. Ya shafa gemu, ya buɗe hannuwa. "Kun gani ko, jama'a? Ni ƙari ma nake yi. Har cokalin ci nake sa wa mutum."

"Ƙarya ne!" Mokles ya daka tsalle. "Wannan ba kindirmonsa ba ne! Nasa ko rabin wannan bai kai ba, ni shaida ne, ni na ci shi!"

"Mun ji," in ji jami'a. "Kowa ya ji."

Ta ɗauki kaskon da aka kwashe, ta jinjina shi a hannu, ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta dubi Hajji har sai da ya sunkuyar da kai. Sannan ta duba kasaken da ke kanta, duk sirara, duk daidai. Ta juyo wurin Mokles, ranta a ɓace.

"Kaskon nan kaɗan ya rage ya zama bulo. Da ka bari na auna ranar da ka zo ofis, da tuni mutumin nan ya biya tara, kai kuma ka karɓi rabonka, duk mai sayen kindirmo a unguwar nan ya huta. Amma ka je ka yi masa shela ya gyara kanta, ka cinye shaidar, ka cika ta da wani abu, ka tsaya a gabana ka ce ba a buɗe ba. Ba ni da abin da zan kama shi da shi yau. Kai ne nake da abin kamawa."

Aka ci Mokles Lauya tara. Yana tsaye tsuru-tsuru, tabarau ya zamo har kan hanci, sai Tofa ya ɗaga hannu daga ƙasa. "Ranki ya daɗe, tambaya. Rubu'in tarar tasa wa za a ba?"

Anjuara ba ta yi dariya ba. Ta jira hayaniya ta lafa, ta matsa gaban kanta, ta sassauta murya. "Hajji, ni ban yi maka komai ba. Gobe in kawo madara?"

"Na samu mai kawowa, uwar Moyna," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa dillali ya zo ya kwance Lalmoni, don ga tara, ga dusar Shundori, ga shinkafa. Anjuara ta rungume wuyanta ta yi kuka mai cin rai, kukan da ba ta yi irinsa ba tun rasuwar mahaifinta, ta raka ta har bakin titi. Daga baya aka ji wanda ya aiko dillalin: Hajji ne, kuma a araha ya saya. Ya ɗaure ta a garken bayan shagonsa. Kasake masu kaurin gindi suka dawo kanta, har da sabon ƙyalle a saman ƙofa mai cewa an auna kayansa a gaban hukuma an samu ƙari. Duk wanda aka cuta ya ce zai kai ƙara, sai a tambaye shi ko ya tanadi cokali, sai ya haɗiye maganarsa ya koma gida.

Shi kuwa gogan, da safiyar da ta biyo bayan tafiyar Lalmoni ya sa taguwa zai nufi rumfar shayi, ya tarar da Anjuara tsaye a ƙofa da sandar gora ta talla, kwanduna biyu na rataye cike da kindirmon Shundori.

"Uwar Moyna, mutum mai matsayina…"

Ta ɗora masa sandar a kafaɗa, ta rataya masa ƙaramin sikeli a wuya.

Yana nan yana yi har yau. Babu mai saye sai ya sa shi ya juye ya auna, kasko daban kindirmo daban, kamar yadda ya koya musu, wasu har su sa tsinke su motsa ko akwai kayan kicin a ciki. Hanyar tallan ma ba shi ya zaɓa ba, Anjuara ce ta yanka masa, kuma dole ta bi ta bayan shagon Hajji. Da ya karyo kwanar, Lalmoni takan ɗago kai ta gane shi, ta ja igiya, ta yi ta kuka har ya ɓace. Sau ɗaya ya roƙi a sauya masa hanya. Anjuara tana wanke garwar da ta rage, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"A'a, Baban Moyna. Ka ma riƙa tsayawa," ta ce. "Ka yi mata bayanin doka."